Neman shawara: ya ake gane alamar da mutum ya sassaƙa a dutse da wadda ruwa ko loda (motar kwasar ƙasa) suka yi?

Ɗan Gadarif:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan gida. Dan Allah shawara nazo nema, kuma ina roƙon wanda yasan abin da gaske ya amsa min, don magana ce ta kuɗi kuma kuɗin ba nawa bane ni kaɗai. Muna aikin dahab, wato zinariya, a khala (dajin sahara) arewa da Abu Hamad a Sudan ta hanyar Gabgaba, mu huɗu da jihaz ɗaya, na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe a ƙasa, tunda yaƙi ya tashe mu daga kasuwa a Omdurman. Toh a gefen wani busasshen kor, wato rafi, mun tarar da falalen dutse babba, a samansa akwai rami zagayayye faɗinsa ya kai tafin hannu biyu zurfinsa yatsa huɗu, kuma wani layi miƙaƙƙe ya fita daga bakin ramin yayi gabas. Kusa dashi a jikin wani dutsen akwai karce guda uku farare a jere. In ka ƙara gaba kamar taku hamsin akwai baƙin dutse a tsaye, a jikinsa akwai wani abu mai siffar raƙumi da wata da'ira mai sanda a ƙasanta, a bayansa kuma tulin duwatsu ne a zagaye. Jihaz yana kuka a wajen amma kukan ba tsayayye bane.

Na tura hotunan ma wani mai fassara ishara a Facebook, yace ramin shi ake kira jurun, layin kuma sayyal, karce ukun nan zurfin mita uku ne, dafini ne, wato dukiyar da aka binne, na Rumawa ko na Turkawa ba shakka, amma wai akwai tsaro a kansa sai anyi turare na musamman kafin a buɗe kuma shi zai haɗa turaren in mun tura kuɗi. Biyu daga cikin abokan aikina sun riga sun yarda, so suke mu haɗa abinda muka tara mu ɗauko loda. Ni kuma kasona harda kuɗin awarwaron mahaifiyata da ta sayar ta bani jari. Tambayata itace ta yaya mutum zai gane alamar da hannun ɗan Adam ya sassaƙa da wadda ta faru haka kawai? In kuma ta hannu ce, dole ne akwai abu a ƙasa? Ga hotunan nan na saka.

Abu Ammar:
Wa alaikumus salam. Ya zol, ɗan uwana, jurun da sayyal a waje ɗaya ai ba wasa bane, na kalli bidiyo da yawa na mutanen Urdun da Turkiyya duk haka suke cewa, sayyal shi ke nuna maka ɓangaren da zaka bi. Ka auna tsawonsa da santi, ko wane santi ka lissafa shi mita ɗaya kayi gabas. Turaren ne ban sani ba amma ishara dai ishara ce. Kuma ka goge hotunan nan da wuri kafin wani ya gane wajen.

Kawu Mai Dutse, Kasala:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni sana'ata fasa dutse da sassaƙa shi, da ita na aurar da 'ya'ya, to bari in faɗa maka abinda hannuna ya sani. Hannun mutum baya taɓa dutse ya tafi bai bar sawu ba. In da wani dutsen mai tauri aka ƙwanƙwasa, zaka ga layin ba layi ɗaya bane, ɗigo-ɗigo ne ƙanana a jere kusa da juna, in ka shafa da yatsa zaka ji kaushi. In da cizal da guduma ne, ramin yana da faɗi a sama ya tsuke a ƙasa, kuma a bangonsa zaka ga inda bakin ƙarfen ya tsaya ya sake tashi, ya tsaya ya sake tashi, don babu mai cire dutse da bugu ɗaya. In kuma gogawa akayi irin na wajen niƙa, cikin zaiyi sumul da santsi fiye da sauran dutsen dake kewaye dashi.

Yanzu mu koma kan ramin naka. A hoton ina ganin gindinsa a shimfiɗe yake kuma bakin ya ɗan rufo ciki. Sa hannunka, in kaji cikin yafi bakin faɗi, leɓen ya zarto, kuma in ka murza da yatsa 'yan tsakuwoyi suna zubowa, to ruwan sama ne ya riƙa kwanciya a wajen shekara da shekaru yana cin dutsen. Mai sassaƙa baya wahalar da kansa ya faɗaɗa ciki ya bar baki a tsuke, cizal ma baya shiga ta haka. Kazo Kasala ka hau duwatsun Taka ta saman Khatmiyya kaga irinsu ba adadi, awaki ke shan ruwa a cikinsu da damina.

Layin kuma ka bishi har ƙarshe. Layin da mutum yayi yana da inda ya fara da inda ya tsaya, kuma yana da gindi. Tsaga bata da gindi, zura bakin wuƙa ko tsinke zaka ga ya shige. Sau da yawa in ka ɗaga kai zaka ga tsagar ta tsallaka zuwa dutsen gaba akan saiti ɗaya, ga wasu 'yan uwanta a gefe duk sun fuskanci waje guda. Kuma ramin ma yawanci akan tsagar yake fara ci, don nan ne dutse yafi rauni kuma nan ruwa ke samun wajen zama. Shi yasa ake yawan ganin rami da layi tare, ba wai wani ne ya zauna ya haɗa su ba.

Direban Loda:
Kawu sun gama magana akan rami, ni bari in taɓa karce ukun nan don aikina ne, loda nake ja tsakanin Ibaidiyya da Abu Hamad. Wallahi ɗan uwa ina ganin hoton nace wannan haƙoran bokiti ne. Auna tsakanin na farko da na biyu sannan na biyu da na uku, in tazarar ɗaya ce kuma dukansu sun fara tare sun lanƙwasa tare sun ƙare sama-sama a waje ɗaya, to wani ne ya kankare ƙasa a wajen kafin kuzo. Duba kewaye zaka ga tulin ƙasar da aka ture ko sawun taya da iska bata gama rufewa ba, wani lokaci ma a cikin karcen zaka ga ɗan baƙi-baƙi ko tsatsa inda ƙarfen haƙori ya gogu. Kai ɗan Gadarif ne ai kasan yadda diskin tarakta ke yanka duwatsu a manyan gonakin mashru, abu ɗaya ne. Kuma ka sani mu da awa ake biyanmu, harda kuɗin zuwa da dawowa da mai, a samu ko kar a samu mai mota ya karɓi nasa, asarar a kanku take ku huɗun.

'Yar Wad Madani:
Sannu Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya, abinda kuka faɗa shi muka karanta a jami'a. Ƙanena ni jiyoloji na karanta, bari in ƙara maka abubuwan da zaka gwada da kanka ba tare da ka kashe ko junaihi ɗaya ba.

Ka fara da launi. Baƙin nan mai sheƙi da kake gani a jikin duwatsun sahara ba asalin launin dutsen bane, wata siririyar fata ce ta ƙurar yumɓu da sinadarin ƙarfe da manganis dake taruwa sannu a hankali, a shekara dubu kaurinta bai kai na gashin kai ba. Duk wanda ya sassaƙa zane sai ya huda fatar nan cikin zanen ya fito da haske, daga nan kuma ya fara komawa duhu kaɗan kaɗan. To kwatanta launin cikin layin da na jikin dutsen. In fari ne tas harda gari-gari to sabo ne. In yayi ja-ja ko ruwan ƙasa ya kwana biyu. In ya koma baƙi daidai da jikin dutsen to tsoho ne ƙwarai. Wannan bazai baka shekara takamaimai ba amma zai raba maka sabo da tsoho, musamman in zane biyu suna kan fuskar dutse ɗaya rana da iska ɗaya ke dukansu. Karcenka farare ne, kaga maganar direba ta zauna kenan. Ka kuma kula da yankan injin yanka ƙarfe, don masu son yaudarar mutane da shi suke zana kunama ko kibiya su shafa baƙin mai. Yankansa miƙaƙƙe ne faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, baya iya kwana mai tsanani, kuma ƙarshen layin yana fita sama a hankali saboda faifan zagayayye ne.

Sai haske. Kar ka yanke hukunci da hoton tsakar rana, lokacin babu inuwa komai a shafe yake. Kaje da sassafe rana na fitowa, ko da dare da tocila ka kwantar da hasken a gefe yana shafar jikin dutsen, duk wani sawun bugu zai fito da 'yar inuwarsa. Ka ajiye kwalin ashana a gefe in zaka ɗauki hoto don a gane girma. Dan Allah kar ka bi zanen da alli ko gawayi, kar a kankare, kar kuma a zuba ruwan batir wai don ya fito, lalata shi akeyi.

Abubuwan da Allah ya halitta a dutse masu kama da aikin hannu suna da yawa sosai. A dutsen yashi na arewa zaka ga da'ira cikin da'ira ja ko ruwan ƙasa, wannan tsatsar ƙarfe ce da ruwa ya bi da ita cikin dutsen, in ka fasa zaka ga zoben ya shiga har ciki. Akwai baƙin zane mai rassa kamar bishiya ko ƙafafun kunama, manganis ne ya bi ƙananan tsaga, shafa zaka ji baida zurfi ko kaɗan. Farar jijiyar marwa, farin dutsen nan mai tauri, in biyu suka gitta juna sai kaga kamar gicciye, amma jijiya tana ratsa dutsen ta fita ta baya, sau da yawa ma ta ɗan taso sama don tafi shi tauri. Akwai ramuka jere-jere da gishiri da iska suke ci a gefen dutse. A cikin kor ko bakin Nilu kamar wajen Sabaloka kuma akwai ramuka masu zurfi zagayayyu sumul, tsakuwa ce ta maƙale ruwa ya riƙa juya ta, sau da yawa zaka tarar da ita a gindin. Kuma wanda ya kwana yana kallon bidiyon kunama idonsa zai ga kunama a kowane dutse, shi yasa nace ka gwada da hannu da haske ba da ido kaɗai ba.

Kukan jihaz kuma da baya tsayawa, yawanci baƙaƙen duwatsu ne masu ƙarfe a jiki, ɗauke dutsen ka jefar gefe zaka ji kukan ya bishi. A 2020 masu binciken kayan tarihi sun isa Jabal Maragha a saharar Bayuda, kimanin kilomita 270 arewa da Khartum, suka tarar masu neman dahab da manyan injina biyu sun haƙa rami mai zurfin mita 17 a wani wurin tarihi na zamanin Marawi mai kusan shekara 2000, sun share shi kusan gaba ɗaya. Bayanin da aka bayar shine ƙasar wajen tana da sinadari mai ƙarfe a cikin dutsen yashi, shi ke sa jihaz kuka. Ka duba kuɗin man da aka ƙona akan wannan.

Raƙumin da da'irar su ne kawai nake zaton aikin hannu ne a hotunanka.

Abu Ammar:
To amma ku dakata, kuna magana kamar babu kanzu, wato ɓoyayyar dukiya, a ƙasar nan kwata kwata. Baturen nan da ya fasa dala, kabarin sarakunan da, a Bajrawiyya ba dahab ya samu ba? Ko shima ruwan sama ne? Kuma ita kanta injiniya 'Yar Wad Madani ta yarda raƙumin hannu ne yayi, to waye zai zauna cikin zafin khala ya sassaƙa dutse a banza?

Baba Tsohon Leburan Asar:
Ɗana Abu Ammar tambayarka tana kan hanya, bari in amsa. Mutumin sunansa Ferlini, ɗan Italiya, a 1834 ya rushe dalolin sarakuna da dama a Bajrawiyya, ya samu kayan zinariyar sarauniya Amanishakheto a cikin ɗaya, kayan yanzu suna gidajen tarihi a Munik da Balin can Jamus. Amma ka lura, kabarin sarauniya ne da ake hangowa daga nesa, ba rami da layi a falalen dutse ne suka kaishi ba. Kuma abinda ya bar mana dalolin da aka sare ma kai, duk wanda yaje wajen yaga ɓarnar.

Ni nayi leburanci da masu binciken asar, wato kayan tarihi, a Shallal na huɗu a kogin Nilu kafin a gama madatsar Marawi a 2009, ƙasar Manasir da ruwa ya cinye yanzu. Mun ga duwatsu masu sassaƙar hannu ba adadi, kuma ba a banza akayi su ba, kowanne da dalilinsa. Akwai zanen shanu masu dogayen ƙaho da raƙumin dawa da jimina, waɗannan su suka fi tsufa, tun lokacin da saharar nan take da ciyawa. Zanen raƙumi daga baya yazo, don raƙumin ma daga baya ya yaɗu a ƙasar. Akwai jiragen ruwa, akwai gicciye na zamanin da Nubawa suke Kirista. Akwai gurabu ƙanana a jere layi biyu ko fiye, wannan wajen wasa ne irin darar mu, makiyaya ke zama suna yi dabbobi na kiwo. Akwai duwatsun da in ka buga suna ƙara kamar kuge, jikinsu duk gurabu ne saboda yawan bugu a waje ɗaya, irinsu akwai a Birnin Kudu can ƙasar kakanninmu. Akwai kuma kwarmi dogo mai santsi na niƙa, wani na hatsi wani na niƙa dutsen dahab, don tun zamanin Fir'aunoni ake aikin dahab a Wadi Allaki da Gabgaba inda kuke. Wannan na ƙarshen in ka ganshi yana gaya maka mutanen da sunyi aikin jijiya a kusa, amma dahab ɗin a cikin dutse yake ba a tukunya ba, kuma wanda suka wanke sun tafi dashi.

In kana son ganin alamar gaske wadda sarki yasa akayi, bata da nisa daku. A Kurgus kudu da Abu Hamad akwai katon farin dutse da ake kira Hajar al-Marwa, Fir'auna Tuhutmus na ɗaya yasa aka rubuta a jikinsa kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, jikansa Tuhutmus na uku shima ya ƙara nasa a gefe. Alamar iyakar mulki ce, anyi ta ne don kowa ya gani. Duk abinda aka sassaƙa a fili a bakin hanya haka yake, don mai wucewa akayi. Wanda zai ɓoye dukiyarsa baya kafa mata allo.

Da'irarka mai sanda ni a ganina wasam ne, shaidar da ƙabila ke sa ma raƙumanta, suna sassaƙa ta a dutse kusa da rijiya ko mashaya ko hanya don a san wajen na wane ne. Yankin nan tsohuwar hanyar ayari ce daga Abu Hamad zuwa Korosko ta rijiyoyin Murrat, 'yan ƙabilar Ababda ne jagororinta. Tulin duwatsun kuma ɗana, in a zagaye yake mai faɗi to kabari ne. Mun buɗe irinsu da izinin hukuma, abinda muke samu ƙasusuwa ne da tukwanen ƙasa da 'yan duwatsun wuya wani lokaci kan kibiya, kuma da yawa an riga an tone su tun zamanin da. Ga kuma doka, dokar kare kayan tarihi ta 1999 tace abinda ya kai shekara 100 asar ne kuma na ƙasa ne, haƙa ba izini laifi ne mai ɗauri ko tara. Kar ka ce yaƙi akeyi ba mai gani. Wawashe gidan tarihi na ƙasa da akayi a Khartum ya ishe mu baƙin ciki, kar a ƙara da hannun ɗan Hausa.

'Yar Wad Madani:
Baba Allah ya saka. Ƙarin abu ɗaya ga Abu Ammar, maganar santi ɗaya mita ɗaya. Mita a Faransa aka ƙirƙiro ta a shekarun 1790, Barumen da ya rayu shekara kusan 2000 da suka wuce ina ya santa har zai auna dafininsa da ita? Kuma jerin isharorin nan duk daga ƙasashen Sham da Turkiyya ake kwaso su a ɗora akan duwatsunmu da tarihinsu daban.

Hajiya Ummu Salma, Jidda:
Ɗana ni ban san dutse ba amma nasan mutane. A 2009 muna nan Saudiyya aka tada maganar jan zaiba, wai yana cikin tsofaffin keken ɗinki na Singer, wai da shi ake kiran aljanu su fito da kanzu. Mutane masu hankalinsu suka riƙa sayen keke tsoho da dubban riyal, har shagunan tela aka fasa aka sace kekuna, daga ƙarshe ba abinda aka gani sai hukuma ta fito tace yaudara ce. Mai turaren nan naka ɗan gidansu ne. Yau zaice turare, gobe zaice mai tsaron wajen yaƙi yarda sai an yanka baƙin rago, jibi yace kun makara an ɗauke abin zuwa wani waje. In ya tabbata akwai dahab me ya hana shi zuwa da turarensa ya karɓi kaso bayan an buɗe? Awarwaron uwa ba abin gwaji bane, ta cire daga hannunta ne don ka tsaya da ƙafarka. Kayi haƙuri da maganata, a matsayin uwa nake faɗa maka.

Ustaz na Mai Wurno:
Bismillah. Ta ɓangaren shari'a, rikazi gaskiya ne, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa a cikin rikazi akwai humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar. A mazhabarmu ta Malikiyya rikazi shine abinda mutanen jahiliyya suka binne, wanda kuma yake da alamar Musulmi ne suka binne hukuncinsa na tsintuwa ne, sai anyi cigiya. Amma tone kabari don neman dukiya, ko na jahiliyya ne malamanmu sun karhanta shi, Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar, in kuwa na Musulmi ne to haramun ne, kuma kai baka san na waye ba. Ga kuma dokar hukuma da Baba suka ambata. Mai cewa yasan abinda ke ƙarƙashin ƙasa daga hoto kuma zai sallami aljani da turare, ka tuna hadisin Muslim cewa wanda yaje ma mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba dare arba'in. Wannan sana'a tsohuwa ce, Ibn Khaldun ya ware mata babi a Muƙaddima fiye da shekara 600 da suka wuce, ya bada labarin masu yawo da tsofaffin takardu suna neman a basu kuɗin magunguna da turare don warware ɗalasimai, su karɓa su ɓace. Allah ya baka halal mai albarka.

Ɗan Gadarif:
Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Na koma wajen da tocila bayan isha kamar yadda Yaya injiniya tace. Kawu, yadda kuka faɗa haka na tarar, wuƙa ta shige cikin layin kuma ya tsallaka dutsen gaba, akwai ma wasu biyu a gefensa da bamu lura dasu ba, ramin kuma cikinsa yafi bakin faɗi. Karcen tazararsu ɗaya ce kuma ga tulin ƙasa a ƙasan kor. Raƙumin kuwa da hasken ya kwanta sai ɗigo-ɗigon suka fito sarai, launinsa ja-ja, da'irar tafi shi haske, har na ga wasu ƙananan raƙuma biyu a ƙasa da rana bata nuna su. Ban tura ma mutumin komai ba, da nace masa mun fasa sai ya rage kuɗin yace in bamu buɗe kafin Juma'a ba za a ɗauke abin. Ɗaya daga cikin abokan ya janye da na karanta masa amsoshinku, amma ɗayan yace shi ko da diga da shebur sai ya buɗe tulin nan, kuma jihaz ɗin tare muka saya. Ya zanyi dashi?

Direban Loda:
Ka gaya masa tulin dutse akan yashi shine mafi haɗarin haƙa da hannu, kana cire na ƙasa na sama ke zubowa kanka. A Disambar 2021 ramin dahab ya rufta da mutane a Yammacin Kordofan aƙalla 38 suka rasu, kuma ku asibiti mafi kusa sai Abu Hamad. Ni dai ko nawa za a bani bana sa bokiti akan kabari.

Baba Tsohon Leburan Asar:
Wasam ɗin ka nuna hotonsa ma dattijon Ababda ko Bishariyin cikin masu raƙuma a kasuwar Abu Hamad, akwai yiwuwar ya gaya maka na wane gida ne, wataƙila ma ya gaya maka inda tsohuwar rijiyar take. Ka kai abokin naka yaji da kunnensa, don in kabarin na kakannin mutanen wajen ne kuka taɓa shi rigimar da zata tashi tafi ƙarfinku, ku baƙi ne a ƙasarsu. Ka ajiye lambar wajen a wayarka amma kar ka saka a Facebook, in hali ya samu ka miƙa ma ofishin asar na jihar Nahar an-Nil.

Kawu Mai Dutse, Kasala:
Maganar jihaz ɗana ku zauna ku huɗu gaban wani babba cikin Hausawan da ke kasuwar, a yi masa kuɗi. Ku uku ku biya shi kasonsa ya kama gabansa, ko ya yarda da abinda mafi yawa suka tsayar. Kar ka bari ya ɗauki jihaz da dare shi kaɗai, kuma kuɗin mahaifiyarka ka ware su daban tun yanzu, ka tura mata su ajiya in zaka iya.

'Yar Wad Madani:
Tunda kuna da tocila da guduma, ku bar gefen zanen kubi kor ɗin sama ku nemi inda farar marwa ta fito a tsaye a jijiya, musamman mai tsatsa ja ko ruwan ƙasa da 'yan ƙofofi a jiki. Ku fasa kaɗan daga wurare daban daban na jijiyar, kowanne a ledarsa da lamba, ku daka yayi gari ku wanke a faranti kuga ko zai bar wutsiya rawaya a bayan baƙin yashi. In ya nuna sai ku kai buhu ɗaya tawahin, injinan niƙa dutse, a gwada kafin kuyi maganar loda. In kun tarar da tsingaro ko duwatsun niƙa ko kufai a kusa da jijiyar ku matsa gaba, wannan ma asar ne. Turo min hoton jijiyar da kwalin ashana a gefe in kun samu.